Kwana Ashirin da Takwas a Tandar Burodi

Ranar da aka ba Injiniya kwangilar gina 'yar gada a kan magudanar ruwan da ta raba unguwarsu da bakin kasuwa, har mai gyaran takalmi sai da ya tsayar a hanya ya ba shi labari. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan Injiniya ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya buga a kati, ya yi ta rabawa har mutane suka gaji suka karɓa. Kafin nan shekara tara ya yi yana facin taya a shagon yayansa, ranar da zai bar shagon kuwa ya rantse a gaban kowa cewa ko ruwan sama ne ya kama shi a bakin ƙofar, gara ya jiƙe da ya fake a ciki.

Gadar taku goma sha biyu ce tsawonta, amma a bakin Injiniya matakin farko ce kawai. Daga ita sai gadar sama, daga gadar sama sai filin jirgi. Abu ɗaya ne ya tsaya tsakaninsa da wannan ɗaukaka: hukumar ayyuka za ta aiko a duba aikin. In ya haye, sunansa ya zauna a rajistar 'yan kwangila. In ya faɗi, a goge shi shekara biyar, ya koma ga tayoyin da ya yi wa rantsuwa.

Ranar zuba kankare ya ja Baba magini gefe. Baba tsoho ne, ya shekara arba'in yana kwaɓa siminti, kuma ba ya son dogon zance.

"Baba, yau zan koya maka dabarar zamani. Inda ake zuba buhu biyu, ka zuba ɗaya. Sauran ka kai gidanka ka ɓoye min, in ƙura ta lafa zan ja katanga da su."

"Yallaɓai, mutane ne fa za su bi ta kai."

"Mutum nawa ne nauyinsa? Tirela ka ga zan ɗora?"

Baba ya dube shi ya ce, "To. Samfur fa, a ɗiba?"

"Miya ce da za a ɗiba a ɗanɗana? Aikina ba ya buƙatar shaida."

Daga nan ya tafi kasuwa neman hular kwano fara, don a ganinsa babu injiniyan kirki da ke tsayuwa a wurin aiki da kai tsirara. Awa uku ya yi yana gwada huluna a gaban madubi. Ko da ya dawo an gama zubi, leburori suna wanke shebur.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki, ranar Litinin da safe, wasiƙa ta iso: ranar Alhamis za a zo dubawa, ɗan kwangila ya tanadi samfur kamar yadda shafi na tara ya faɗa. Sai da aka yi neman takardar yarjejeniyar sosai kafin matarsa ta zaro ta daga ƙarƙashin ƙafar tebur, inda ta yi wata biyu tana hana shi rawa. Ta karkaɗe ta, ta buɗe shafi na tara, ta karanta masa a hankali kamar mai karanta wa ɗan aji ɗaya. Dole ne ranar zubi a ɗebi kankaren a cika ƙananan akwatunan ƙarfe uku, a fitar da dunƙule uku masu kusurwa daidai, a jiƙa su cikin ruwa kwana ashirin da takwas, sannan mai duba aiki ya matse su a inji ya ga ƙarfinsu.

"Baban yara, ina dunƙulen naka?"

"Suna nan tafe."

"Daga ina? Ka je ka ce ka manta mana. Mantuwa ai ba sata ba ce."

"Ni in ce na manta? In na ce haka gadar za su taɓa, ni kuwa na san abin da na zuba a cikinta. Ki bar ni da su. Kafin Alhamis zan ba su dunƙulen da injinsu zai yi kuka."

"Kwana ashirin da takwas ɗin fa? Yau Litinin."

"Maman yara, matsalarki ke nan, ba ki karanci kimiyya ba."

Bai je wurin Baba neman simintin ɓoye ba, don tsohon yana da tambaya da yawa. Sabon buhu ya ɗauko. Ya kwaɓa siminti zalla a tsakar gida, ba yashi ba tsakuwa, wai don ƙarfin ya taru wuri guda. Akwatunan ƙarfe babu, sai ya leƙa gidan burodin maƙwabcinsa ya aro gwangwanayen gashi uku. Da yamma ya koma da su a baro, sun cika fal, suna zufa.

Mai burodi ya tare ƙofa. "Maƙwabci, gwangwani na ara maka, ban ara maka tanda ba."

"Tsaya ka ji lissafi. Mene ne kwana ashirin da takwas in ba zafin rana ashirin da takwas ba? Tandarka in ta ɗauki wuta ta fi rana talatin. Awa biyu a ciki, an gama wata guda, har da canji."

"Na ji an ce a ruwa ake jiƙawa."

"Wannan tsohon yayi ne. Kuma ka riƙe wannan: ranar da na fara filin jirgi, duk burodin leburori daga nan zai fito."

Filin jirgin ne ya karya lagon mai burodi. Aka tura gwangwanayen can ƙurya, aka jera burodin yamma a gaba, aka rufe ƙofar ƙarfe aka sa sakata. Injiniya ya zauna a kan buhun fulawa yana bayanin yadda zai tsara wurin saukar jirage. Bai kai ga wurin ajiye motoci ba sai aka ji dam! Kafin a waiga aka ji ta biyu, ta uku ta biyo baya. Ƙofar tanda ta wage, sakata ta tsinke ta bugi bango, burodi ya yi ta fitowa da ɓarɓashin siminti a jikinsa. Masu jiran layi suka watse, wata mata ta bar takalminta ɗaya, mai shago na kusa ya rufe ƙofa yana salati.

Injiniya ya fito daga bayan buhuna, fulawa har gira. "Ka ji ƙarfi? Wannan siminti ne ke nuna kansa. Tandarka ce ba ta da inganci."

Mai burodi ya miƙa hannu gefen tanda. Dogon katakon da yake zaro burodi da shi ya ɗauka. Waɗanda suka ga tseren sun ce ba su taɓa sanin mutum zai iya gudu haka da hular kwano a kai ba.

Talata da sassafe Injiniya yana wurin mai walda, yana so a haɗa masa akwatuna uku. Mai walda ya nemi awo, Injiniya ya buɗe tafin hannu ya ce, "Kamar haka. Idona ma'auni ne." Yayin da mai walda ya rufe fuska yana aiki, sai sabuwar hikima ta sauko wa Injiniya. Gada ma ai rodi ake sa mata, to me zai hana a sa wa dunƙule ƙarfe? Ya ɗauki buhu ya share duk guntayen da ke ƙasa, ya haɗa da na kan benci, bai tsaya tantancewa ba.

"Injiniya, me za ka yi da tarkace?"

"Sirrin aiki ne. In na faɗa maka gobe kai ma ka buga kati."

A gida ya kwaɓa sabon siminti ya cika akwatunan yana cusa tarkacen a ciki; tarkacen ya ishi akwati biyu, na ukun ya tafi haka nan. Laraba da safe ya kwance su. Ɗaya ya fito da kusurwa a gutsure, ya cike wurin da man goge baki. Ya duba tsakar gida bai ga mazubin da ya kai girman aikinsa ba sai durom ɗin ruwan sha, ya tsoma su ciki. Don su yi kama da waɗanda suka yi wata a ruwa, ya sauka cikin magudana ya kankaro gansakuka ya shafe su, ya juye ganyen shayin gidan gaba ɗaya a kai.

Matarsa ta buɗe durom za ta ɗebi ruwa, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Baban yara, mene ne wannan ke wari a ruwan da 'ya'yanka ke sha?"

"Tsufa suke yi. Kada ki dame su."

"Su tsufa lafiya. Ga bokiti biyu can, famfo yana ƙarshen layi. Ka ga ni ban karanci kimiyya ba, ban san yadda ake ɗauko ruwa ba."

Yana dawowa daga famfo a zuwa na huɗu ya tarar da taro a ƙofar mai walda. Mai burodi ne ya riƙe wa mai walda wuyan riga. Ashe tun daren fashewar ya kawo sakatar tanda a liƙa masa, an ajiye ta a kan benci, yanzu an neme ta sama da ƙasa an rasa. Kwana biyu ke nan da benci yake tokare ƙofar tanda, burodi yana fitowa rabi ɗanye. Injiniya ya ajiye bokiti, ya shiga tsakani, ya yi musu nasiha mai tsawo a kan sakaci da riƙon amanar kayan mutane. Ya ce shi a wurin aikinsa ko ƙusa ba ta ɓata.

Alhamis ta zo. Injiniya ya sa an kafa rumfa a bakin gada, an jera kujeru, ya gayyaci unguwa kaf. Ya ba yayansa mai shagon taya kujerar gaba, don ya gani da idonsa. Ya sa rigar da ta sha guga, ya goge hular kwano har tana ɗaukar ido.

Ya zaci babban mutum mai tumbi zai sauko daga mota. Sai ga wata 'yar siririyar mata da tsohon takalmin aiki, da allon rubutu a hannu, da ma'aikaci guda yana biye da ita. Ta wuce shi ta fara gaida Baba magini, wanda ke zaune a gefe a kan bulo, sannan ta juyo.

"Kai ne ɗan kwangila?"

"Injiniya, ranki ya daɗe. Kafin mu fara, ina da ɗan jawabi."

"Samfur nake so."

Ya turo baro da kansa, ya yaye zanen da ya lulluɓa kamar mai buɗe sabuwar mota. Mai duba aiki ta sunkuya, ta ɗan ja baya, ta taɓa hanci.

"A ina aka jiƙa su?"

"A ruwa na musamman."

"Na ji alama." Ta sa yatsa a farar kusurwar nan, ta shinshina. "Wannan kuma yana goge baki ne?"

Dariya ta fara daga kujerun baya. Ta ce ma'aikacinta ya ɗora su a sikeli, ta kuma yi bayani yadda kowa zai ji, cewa dunƙule irin wannan kilo takwas yake yi. Na farko ya yi bakwai da rabi. Na biyu ya yi goma sha biyu. Na uku sai da ma'aikacin ya yi nishi kafin ya ɗaga shi.

"Uwa ɗaya uba ɗaya, amma wannan ya fi ɗan'uwansa cin abinci," in ji ta.

"Simintina haka yake, ranki ya daɗe. Yana daɗewa yana ƙara nauyi."

Ta rubuta wani abu. "To, za mu tafi da su ɗakin gwaji, ka ji sakamako a wasiƙa."

Nan ne Allah ya buɗe masa ƙofar tsira, shi kuma ya sa ƙafa ya rufe. Ya ga idon yayansa a kansa, ya ga mai burodi ya harɗe hannu, sai bakin ya riga hankalin.

"Wane ɗakin gwaji? Ni ba na aikin ɓoye. Da a ce injinku yana nan, da a gaban jama'a za a matse su, kowa ya shaida."

"Yana bayan mota," in ji ta.

Aka sauke murfin bayan motar, jama'a suka bar kujeru suka zagaye. Ma'aikacin ya sa dunƙule na farko, ya fara bugun hannun injin. Allurar da ke nuna ƙarfi ba ta gama miƙewa daga barci ba dunƙulen ya zube kamar biskit ɗin da ya faɗa cikin shayi. Mai duba aiki ta ɗebi cikin ta murza, ya manne mata a yatsa.

"Wata guda, amma cikinsa bai bushe ba?"

"Wannan tafiyar baro ce ta gajiyar da shi. A sa na biyu, shi ne babban."

Aka sa na biyu. Simintin ya fashe nan take, amma injin ya ci karo da wani abu ya yi ƙara mai ratsa haƙori. Ma'aikacin ya sassauta. Sai ga kusoshi suna zubowa, ga guntun sarƙar keke, ga rabin makulli. A ƙarshe wani dogon ƙarfe ya faɗo ya gangara har gaban mai burodi.

"Sakatata!"

"Alhamdu lillahi!" in ji mai walda, ya ɗaga hannu sama. "Kwana biyu ana ce min ɓarawo a gaban shagona! Jama'a, ga mai nasiha nan, ga amanar da ya riƙe!"

Sai da mutum uku suka riƙe mai burodi. Mai duba aiki ta jira hayaniya ta kwanta, ta nuna na uku da biro.

"A matse shi, ko a bar shi?"

"A bar shi ya huta," in ji Injiniya, muryar ta koma ciki.

"To, tunda samfur babu, sai mu tambayi gadar da kanta." Ta ce wa ma'aikacinta ya ɗauko injin huda, a ciro gunduwa guda daga jikin gadar a matse.

Gumi ya karyo wa Injiniya. Ya waiga ya ga mutane sun fi talatin tsaye a kan gadar suna leƙe, har da mai goyo. A ransa ya ga injin ya taɓa, ya ga gada ta rufta, ya ga kansa a bayan kantar 'yan sanda. Ya ruga ya tsaya a gaban ma'aikacin ya buɗe hannuwa.

"Kada ka huda! Jama'a ku sauka, ku sauka don Allah! Rabin siminti ne a ciki! Ni na ce a rage!"

Gada ta zama fayau cikin ƙiftawar ido. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar biron mai duba aiki a kan takarda. Ta rubuta a natse, har ta tambaye shi ko "rabi" ya ce, don kada ta yi masa ƙari.

Aka huda. Injin ya daɗe yana gurnani kafin ya ciro gunduwar, sumul, tsakuwa a jere kamar an shirya ta da hannu. Aka sa ta a injin matsa. Ma'aikacin ya buga, allura ta hau. Ya sake bugawa, ta wuce jan layin da yarjejeniya ta nema. Ya cire riga ya ci gaba, sai can da ƙyar gunduwar ta tsage.

Mai duba aiki ta dubi allurar, ta dubi Injiniya, sannan ta juya wurin tsohon da ke kan bulo.

"Baba, wa ya kwaɓa wannan?"

"Ni ne, 'yata."

"An ce maka ka rage?"

"An ce. Na ce to. Da ya tafi sayen hula muka zuba yadda ake zubawa. Jikokina ta nan suke bi su je makaranta."

Injiniya ya zaburo. "Simintin katangata fa, Baba?"

"Kana tsaye a kansa, Yallaɓai."

Wannan karon har yayansa sai da ya riƙe ciki. Amma Injiniya ba a san shi da daɗewa a ƙasa ba. Ya gyara hular kwano, ya share gumi, ya juya ga jama'a da murya sabuwa fil.

"Kun dai gani da idonku! Gadata ta wuce ƙa'ida! Ni dama gwada tsohon nake yi, in ga ko yana da amana. Ranki ya daɗe, sai a rubuta na haye."

"Gada ta haye," in ji ta. "Kai ne ba ka haye ba."

Ta juyo masa da allon, ta nuna masa layin da yatsa. Ɗan kwangilar da ya kawo samfur na jabu, shekara biyar ba shi ba rajista, ko da gadarsa za ta ɗauki jirgin ƙasa.

"Da ka ce min ka manta, abin da za mu yi ke nan: mu huda, mu matse, minti ashirin ka wuce da sunanka. Duk wata sai mun samu wanda ya manta. Sa hannu a nan."

Injiniya ya karɓi biro. Ya nemi fuskar da za ta tausaya masa a cikin taron, sai idonsa ya faɗa kan matarsa, tana tsaye a bakin rumfa, ba ta ko yi dariya ba. Wannan ya fi masa ciwo. Ya sa hannu.

"Ranki ya daɗe, ko a ƙasa ne, a ɗan rubuta cewa ni ma na ba da gudummawa."

Ta karɓi bironta, ta ɗan yi tunani kamar mai son yin adalci.

"Baba, ranar zubi awa nawa ya yi ba ya wurin?"

"Uku."

"To, zan rubuta su," in ji ta, ta shiga mota.